Tsumma a cikin intakula

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don Ramlatu ba ta son a tuna mata. Daga baya ta ce in rubuta.

Wata huɗu ke nan da aka kai ta gidan Malam Mai Nasara a Birni, ta auri ɗansa Abdul'aziz. A wata huɗun nan ba ta taɓa yi wa surukinta magana ba sai gaisuwa, ita ma a durƙushe, kai ƙasa. In da saƙo, uwar mijinta ke kaiwa.

Ran Asabar ɗin nan ba mai kai saƙo. Uwar mijin ta tafi suna a Durum, Abdul'aziz ya raka ta. Motar gidan kuwa, tsohuwa mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda ke ciyar da su duka, ta soma baƙin hayaƙi, ba ta da ƙarfi a hawa, ga shi gobe kasuwar Mirriya. Malam ya ɗaga kafo, murfin injin, a ƙofar gida, ya kwance tiyo biyu, ya zaro intakula, wani faffaɗan ƙarfe mai baki biyu da ke sanyaya iska kafin ta shiga injin. Ya ɗauraye cikinsa da esansi, wato fetur, sau uku har baƙin mai ya bar fita. Sannan ya ajiye shi tsakar gida, ya faɗa yana kallon bango cewa a wanke da ruwan sabulu, a shanya ya bushe ƙayau, kada komai ya shiga ciki.

Ta wanke, ta jingina shi a rana. Can da yamma ta ga zanzaro yana kewaya bakin, yana neman inda zai yi gini. Sai ta yi yadda take yi wa tulu: ta yago tsohon zane, ta toshe bakin nan biyu, ta shiga sallar la'asar.

Da ta fito ba intakula. Tsumma ɗaya ne yashe a ƙasa. Ta duba bayan randa, ta duba gindin turmi, babu ɗayan. Nan ta tuna bakin dama ya fi faɗi, ɗazu da ta tura tsumman da yatsa sai da ya shige ciki.

Abdul'aziz ya taɓa gaya mata duk abin da ke cikin tiyon nan injin ke zuƙewa, kuma in ya zuƙa shi ke nan.

Ta tsaya a zaure tana leƙe. Malam ya gama ɗaure tiyo, yana goge hannu, maƙwabcinsa Alkasum tela na zaune a dakali yana tsokanarsa wai motar ta girme shi. Ta yi gyaran murya, ba wanda ya ji. Ta buga ƙyaure, Alkasum ya ce iska ce. Malam ya shiga mota, ya sa makulli.

Ba ta san lokacin da ta fito ba, ba takalmi. Ta dafa kafo da hannu biyu.

"Baba, kar ka tayar."

Malam ya dube ta, hannunsa na kan makulli.

"Akwai tsumma a ciki. Ni na sa. Don zanzaro."

Alkasum ya sunkuyar da kai. Malam ya zare makullin, ya sake kwance tiyon dama, ya zura waya mai ƙugiya. Ya daɗe yana lalube kafin tsumman ya fito, da furannin zanenta a jiki.

Ya juya shi a hannu. "Ɗaya na gani, na ɗauka ɗaya ne," in ji shi. "Koma ciki, 'yata, ƙasa da zafi."

Washegari da asuba ta dama kunu. Da Malam ya fita, ta laɓe bayan ƙyauren zaure da kwanon a hannu, tana sauraron injin har ƙararsa ta ɓace a lungu, sannan ta koma ta ɗauki tsintsiya.