Hayaƙin da Gajere Bai Taɓa Gani ba

Gajere tela ne, amma a shagon wasan kwamfuta na Kawu ba da ɗinki aka san shi ba. A wasan harbi ba mai ja da shi. Kullum idan ya rufe shagonsa da la'asar, tsohuwar kwamfutar bakin ƙofa yake hawa, wadda kujerarta ke ƙara, don ita ce ba a rububi a kanta.

Ranar Asabar ya sake kayar da Mai Gemu, direban da ke zama a sabuwar kwamfuta. Mai Gemu ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya ajiye da ƙarfi.

"Kawu, wannan magudi ne! Na jefa hayaƙi, na shige ciki, ko hannuna ba na gani. Ya aka yi ya harbe ni a ka?"

"Wane hayaƙi?" in ji Gajere.

Shagon ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Ji shi, har da wane hayaƙi!"

Kawu bai yi dariya ba. Dokarsa ɗaya ce, wanda aka kama da magudi ya bar shagon ke nan. Gajere ya duba fuskokin da ya saba da su, ya ga sun fara yi masa wani irin kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya kaɗe zaren da ke maƙale a wandonsa.

Ya dubi Mai Gemu. "Yaya, tashi mu yi musayar kujera."

Da ya zauna a sabuwar, aka jefa hayaƙin, sai ya saki baki. Toka-toka, yana murɗawa, yana bin bango, iska na kaɗa shi kamar na gaske. Shi tun da yake wasan nan, ɗan ƙyalli kawai yake gani, sai fili tas.

Daga bakin ƙofa Mai Gemu ya yi salati. "Kai! Ga ka can tsaye kamar turke! Ashe haka kake kallonmu?"

Kawu ya leƙa saitin wasan, ya daɗe yana sosa ƙeya. Ashe hayaƙin iri biyu ne. Mai kyan nan na kamfanin da ya ƙera katin hoton sababbin kwamfutocin ne, wato na'urar da ke zana hoton wasa a allo, a katinsa kaɗai yake fita. Tsohuwar kuwa katin wani kamfani gare ta, ko alamarsa ba ta nunawa. Ɗayan na kowa ne, kowane kati na iya zana shi, sai dai bai kai wancan kyau ba.

"To ba laifinka ba ne," in ji Kawu. "Amma nasarorinka fa?"

"A goge su," in ji Gajere. "Sa mana hayaƙin kowan, mu gani."

Da Kawu ya sa shi, wasu suka yi gunaguni, wai sabon hayaƙin kamar audugar katifa. Gajere ya ce audugar ma ta isa, tunda kowa zai shaƙa.

Zagayen farko Mai Gemu ya kayar da shi, ya tashi yana rawa da kujera. Gajere ya yi murmushi, ya gyara zama. Ya lura duk wanda ya shiga hayaƙi, ta gefen da ya fi kusa da bango yake fitowa. Sai ya daina harbi cikin duhu, ya koma jira a can.

Da Mai Gemu ya faɗi a karo na gaba, da wanda ya biyo baya, bai kira Kawu ba. Ya juyo kawai yana huci.

"Tela, gobe ƙarfe nawa za ka rufe shago?"