La'asar Mai Raka'a Uku

Nabil ne ya kawo maganar. Duk wanda ya san Nabil ya san ba ya zuwa Kano hannu rabbana. In bai zo da tsaraba ba, to ya zo da gyara. Wannan karon dish ɗin gidan mahaifinsu ya tasa a gaba, don kamfanin ya sake turo saƙon ƙarin kuɗi, kuma shi ne mai biya.

Suna zaune a baranda shi da ƙanwarsa Raudatu, Baffa yana ciki yana ƙailula.

"Ke duba fa, Rauda. Tasha ta fi ɗari muke biya wa duk wata. Baffa guda nawa yake kallo? Haramin Makka da labarai, shi ke nan. Ga intanet a gidan nan muna biya, ba mai taɓa shi sai ke in kin zo. In aka koma kallo ta intanet, ko an haɗa da manhajar finafinai saboda yara, wallahi bai kai rabin na dish ba."

"Ka sa data a lissafin, Yaya? Kuma ka san netwok ɗin unguwar nan, da an yi yayyafi sai ya fara rawa."

"Shi dish ɗin da hadari ya haɗo ba ɗaukewa yake yi ba?"

"To a sa masa irin na kyauta mana, ai akwai Harami a ciki."

"Wani ƙarfen kuma a kan rufi? Wannan ɗin ma shi ya huda kwano, silin ɗin ɗakin Baffa yake yoyo."

Abin da ya fi ba Raudatu haushi shi ne lissafin nasa daidai yake. Kuma ta san a Abuja ma, inda yake zaune, ba a kan tabarmar kuɗi yake kwana ba. Ga haya, ga makarantar yara. Ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Alhaji Ja'afaru, wanda kowa yake kira Baffa har maƙwabta, tsohon ma'aikacin kotu ne. Ya sayi gidan nan na Nassarawa tun lokacin da in ka tsaya a ƙofa bishiyoyi kawai kake gani. Yanzu gidan hagu ya koma makaranta, na dama ya koma ofis, abokansa na layin kuwa wasu sun rasu, wasu 'ya'ya sun kwashe su. Abin da ya rage masa shi ne ɗan masallacin da ya gina a jikin katanga, inda yake limanci tun Raudatu tana goye. Masu gadi, direbobi, ma'aikatan ofishin nan, masu wankin mota, duk bayansa suke bi. Bai taɓa cewa yana alfahari da wannan ba, amma ranar da mura ta hana shi fita, gidan gaba ɗaya sai an sha faɗa.

Kunnensa ya yi nauyi, idonsa ya yi yana. Na'urar ji da Nabil ya sayo masa tana cikin durowa; cewa ya yi ba zai yi yawo da ƙwaro a kunne ba. Kiran salla ba ya jin sa in yana ɗaki, agogo kuma sai ya kai shi hanci. Duk da haka bai taɓa makara ba, mutane har mamaki suke. Ashe agogonsa yana falo. Ya daɗe da lura cewa in an sallame Isha'i a Makka, Magaribar Kano ta kusa. Sai ya zauna gaban tashar Harami, yana ganin liman ya juya kai dama da hagu, ya miƙe ya ɗaura alwala. Bai gaya wa kowa ba. Mutum irin Baffa ba zai ce wa 'ya'yansa talabijin ce take gaya masa lokacin salla ba.

Kafin Nabil ya koma sai da aka sauke dish, aka liƙe kwanon, aka maƙala wata 'yar na'ura a bayan talabijin. Sabon rimot ɗin ba shi da lamba ko ɗaya. Baffa ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Wannan kuma ina ake danna Makka?" Nabil ya yi dariya, ya nuna wa Aliyu maigadi yadda zai kunna masa kowace safiya ya bar shi a kai.

Gaskiya abin ya yi kyau da farko. Hoto ya fi na da fitowa tas. Raudatu ma a gidanta na Badawa ta samu shiga manhajar finafinan, ita da yara suka yi ta kallo, har ta kira Nabil ta ce ya yi gaskiya. Daga baya duk lokacin da ta tuna wannan kiran sai ta ji kamar ta mari kanta.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce. Bayan Azahar Baffa ya kishingiɗa a kujera, barci ya ɗauke shi. Hadari ya taso daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, netwok ya ɗauke. Da ya dawo, na'urar ba ta koma inda take ba. Dish in ya ɗauke, ko ya tsaya cak ko ya dawo kan tasharsa. Ita kuwa wannan ba ta son allo ya zauna haka nan, sai ta zaɓo wani abu mai kama da na baya ta saka. Ta zaɓo sallar Isha'i a Harami, wadda wani ya ɗauka ya ɗora shekarun baya.

Baffa ya farka cikin duhu. Ga Ka'aba cikin fitilu, ga liman yana sallama. Ya yi salati, ya ce barci ya cinye masa La'asar. Ya yi alwala a gaggauce, ya yi raka'a huɗu a falo yana istigfari, ya ɗauki lema ya fita ransa a ɓace.

A ƙofar masallaci ya tarar da mutane sun taru, suna kakkaɓe ruwa daga jikinsu. Aliyu bai daɗe da kiran La'asar ba.

"Aliyu, ka ga na yi barci, ba za ka shigo ka tashe ni ba?"

"Ai yanzu aka kira, Baffa."

"To tayar da iƙama, lokaci yana ƙurewa."

Aka yi sahu. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwanon masallacin ya ɗauki ƙara. Baffa ya yi kabbara, ya fara Fatiha a bayyane, da muryar nan tasa mai kauri. Wani a sahun gaba ya ce subhanallah. Wani ma ya ce. Ruwa ya cinye muryoyin, kunnen Baffa ya cinye sauran. Ya yi raka'a biyu da karatu a fili, ya yi ta uku, ya zauna. Masallaci ya ɗauki subhanallah gaba ɗaya, shi kuwa ya yi tahiyarsa a natse, ya yi sallama.

Da ya juyo, sai ya ga jama'a a tsaye a kansa, suna kawo ta huɗu.

Ya zauna yana kallon gwiwoyinsu har suka idar. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Aliyu ne ya rarrafo, ya kai baki kusa da kunnensa, ya ce, "Baffa, La'asar ce." A daidai nan ruwan ya fara tsagaitawa, gajimare ya yaye ta yamma, rana ta faɗo kan tabarmin masallacin, tana nan sama da sauranta.

Baffa ya tashi ya shiga gida, ya bar lemar a nan.

Aliyu ne ya kira Raudatu. Ta iso ta tarar da shi a ɗaki, ya juya wa ƙofa baya. Ta tambaye shi me ya faru, ta yi ta lallashi, da ƙyar ya ce, "Na ga an sallame Isha'i a Makka." Nan ta fara jin labarin agogonsa. Ta fita falo da gudu, ta laluba abin da na'urar ta nuna a baya. Ga shi nan, da kwanan watan da aka ɗora shi a ƙasa, ƙanana-ƙananan rubutu da ko ita sai da ta matsa. Daɗi ya kama ta, har da hawaye. Ta koma ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, ba kai ba ne! Wallahi ba kai ba ne. Tsohon hoto na'urar ta saka maka. Abin da ka gani gaskiya ka gani, sai dai ba na yau ba ne. Kowa aka yi wa haka sai ya ruɗe."

Ya dube ta ya daɗe. "Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Da Magariba ta yi bai fita ba. Ya aika wa Aliyu cewa malamin Islamiyyar nan da yake zuwa daga Tudun Wada ya shiga gaba.

Raudatu ta kira Nabil ta gaya masa. Ya yi salati, ya ce akwai wurin da ake kashe wannan zaɓe-zaɓen da na'urar take yi, mantawa ya yi. Sai kuma ya ce, "Amma Rauda, tsakani da Allah, mutum ya kasa bambance La'asar da Magariba? Ko dai mu kai shi a duba ƙwaƙwalwarsa?"

"Yaya, ka ji abin da na gaya maka kuwa? Gari ya yi duhu, ba ya ji, ba ya gani sosai."

"Na ji. Ina dai cewa shekaru sun ja."

Ta kashe wayar ba sallama, abin da ba ta taɓa yi masa ba. Ta ji haushinsa ƙwarai, kuma ta ji tsoro, don ta san abin da ya faɗa shi ake faɗa a bakin titi. Washegari ma mai sayar da katin waya ya tare ta da fuskar tausayi, yana tambayar ya jikin Baffa.

Ta nemo mai haɗa dish, ta biya da kuɗinta, aka sake huda kwanon da aka liƙe. Ta tono tsohon rimot daga cikin kwali, ta sa a hannun Baffa. Yatsunsa suka danna lambobin da kansu, Harami ya fito, na yau, na yanzu. Ta tsaya a bayansa tana jira ta ga ya saki fuska. Bai saki ba. Ta je masallaci da kanta ta tsaya daga waje, ta yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya. Suka ce Allah sarki, ai sun san Baffa, ya dawo kawai. Malamin Islamiyyar ya shigo har falo ya durƙusa ya roƙe shi. Baffa ya ce ƙafa ce take damun sa.

Ranar Juma'a da yamma ta kasa haƙuri.

"Baffa, don girman Allah, me kake so in kawo maka ka yarda? Na nuna maka hoton, na nuna maka kwanan wata."

"Na yarda akwatin ya yi ƙarya, Raudatu. To ni fa? Tun ban yi gemu ba nake salla. Jikina bai gaya mini ba? Mutum goma sha suna ta subhanallah a bayana, ni ina can ina jan sura." Ya gyara zama. "Ba ki san farkon ciwon yayana Ɗahiru ba, kina ƙarama. A salla ya fara. In ya yi kuskure sai mu ce ai agogo ne ya tsaya, ai ladan ne ya yi sauri. Ni da bakina na riƙa gaya masa haka. Har ya kai bai san sunan matarsa ba muna ce masa lafiyarsa ƙalau."

"Amma ni ba ƙarya nake maka ba."

"Mu ma ba mu ɗauka ƙarya muke ba. Tausayi ne."

A talabijin aka sallame Isha'i a Makka. Ya kalli allon, ya kalli taga, bai motsa ba sai da ta ce masa an kira. Ta kawo masa buta, ta shimfiɗa masa darduma a falo. Ta zauna a gefe tana kallon sa, tana jiyo muryar malamin Islamiyya daga lasifikar masallacin da ya gina.

Ya yi sallarsa tsaf, ruku'u da sujada ba inda ya karkace. Ya yi sallama, ya zauna yana kallon hannuwansa. Can ya juyo.

"Raka'a nawa na yi?"

"Uku, Baffa. Daidai ka yi."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ko huɗu na yi, haka za ki ce."