Kukan Lif ɗin Alhaji Ubale

A duk faɗin Gumel ban san benen da yake buƙatar lif ba, amma Alhaji Ubale Mai Riɗi ya sa a nasa. Hawa biyu ne kacal a kan na ƙasa, matakalar da ni mai ciwon gwiwa nake hawa ina amsa waya. Ya je ƙasar waje ne ya ga ana shiga akwati ana danna maɓalli, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Shagona na atamfa yana ƙasa, ƙofarsa na kallon ƙofar lif ɗin, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Yayana Ɗalhatu abokin Alhaji ne tun suna yara a Gagarawa Tasha. Tare suka fara bin kasuwannin ƙauye suna sayen riɗi mudu-mudu, tare suka sha rana a kan hanyar Maigatari. Allah ya ɗaga ɗaya, ɗayan ya zama mai tafiya a damansa. Yaya ba shi da ofis, ba shi da muƙami. Aikinsa shi ne duk inda Alhaji ya sa ƙafa a gan shi a gefe, kuma duk mai neman Alhaji ya fara zuwa ya gaishe shi. Da wannan yake ci, da wannan ake shimfiɗa masa darduma a sahun gaba wurin ɗaurin aure. Na sha gaya masa wannan ba sana'a ba ce, sai ya ce ni Tayyiba bakina ya fi hankalina sauri.

Kafin zuwan lif, ba wanda ya san wa ya fi wa kusa da Alhaji, don matakala tana ɗaukar kowa. Lif kuwa ɗaki ne ƙarami. Ranar da aka fara hawa, Alhaji ya shiga, jama'arsa suka duru a bayansa kamar ana rabon zakka. Ƙofa ba ta rufe ba, sai abin ya fara wani kuka mai shiga kunne, ƙiii, ba ƙaƙƙautawa. Aka tsaya ana kallon juna. Yazid, matashin nan mai waya biyu da yake yi wa Alhaji magana da masu sayen riɗi na ƙasashen waje, shi ya bayyana cewa nauyi ne ya yi yawa, sai mutum ɗaya ya fita. Ba wanda ya ambaci sunan kowa. Idanu ne kawai suka taru a kan cikin Yaya, wanda Allah ya yi wa albarkar jiki. Ya yi dariya, ya ce bari ya taimaki jama'a, ya fito. Kukan ya ɗauke nan take.

Da sau ɗaya ne, da an manta. To kullum ne. Alhaji ya iso da safe, a shiga, lif ya yi kuka, a kalli Yaya, Yaya ya fito yana dariyar da ta fara bushewa, ya tattare riga ya bi matakala tare da direba da mai ɗaukar buta. Ya isa sama yana haki, an riga an zazzauna. Mutanen kasuwa kuwa ba sa buƙatar a yi musu fassara. Na ga dillalai daga Sule Tankarkar, waɗanda dā suke durƙusa wa Yaya har ƙasa, sun wuce shi da ɗaga hannu sun nufi Yazid. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma shi ya jawo.

Maimakon ya gane, sai ya kama faɗa da jikinsa. Mutumin da azumin watan Ramadan ma da ƙyar yake kai shi, ya tsiri na Litinin da Alhamis, har ana cewa Malam Ɗalhatu ya koma ga Allah. Ya daina cin tuwon dare. Ya ajiye babbar riga mai aiki ya koma sa 'yar shara. Wata safiya na gan shi yana zazzage aljihu a shagona, makullai da goro da carbi, wai in ajiye masa kafin ya shiga. Na tambaye shi ko hular ma zai bari. Bai yi dariya ba, ya tsaya yana tunanin maganar.

Wuyansa ya zabge, lif bai fasa kuka ba. Daga nan ya ce aikin Yazid ne, ko dai ya taɓa wani abu a cikin injin, ko ya kai sunansa wani wuri. Yana cikin wannan bincike ne ya lura da ɗan ƙarfen da aka manna a bangon lif ɗin, an zana mutum an rubuta takwas. Su kuwa bakwai suke shiga har da shi. Ya zo shagona da sauri, kai ka ce rijiyar mai ya gano a gonarsa. Ya hau sama ya shaida wa Alhaji cewa lif ɗin nan ba shi da lafiya, a bar shi ya nemo mai gyara. Alhaji yana duba waya ya ce to, in yana ganin haka ne.

Mai gyaran da ya zo daga Kano sunansa Jethro, mutumin Jos, gajere mai yawan mita. Tun daga bakin ƙofa ya fara. Ya durƙusa ya sa sukudireba a kwarin da ƙofar take bi, ya dinga tono ƙwallon dabino da ɓawon gyaɗa da tsinken sakace, yana tambayar ko a cikin lif ɗin muke yin walima. Ya goge idon ƙofar, wato ɗan gilashin da yake ganin mutum ya hana ta rufewa. Ya ga wasu dattawa biyu sun tokare ƙofar da ƙafa suna gaisuwa, daga gida har gona har mutanen Damagaram, ya ce irin wannan ne yake rikita injin ya tsaya cak, a ce ya lalace. Da ya kwance murfin maɓallai sai ga layu guda biyu sun faɗo. Yaya ya yi wuf ya ɗauke ɗaya ya sa a aljihu. Ɗayar ta daɗe a ƙasa ba wanda ya ce tasa ce.

Jethro ya hau ɗakin inji ya duba birki da igiyoyin ƙarfe, ya sa aka tada janareta ya auna wutar, ya ce duk waɗannan lafiya lau. Saura sikeli. Ashe a ƙarƙashin daɓen lif ɗin akwai ma'aunin nauyi, shi ne mai sa kukan. Ya ce a kawo masa kaya masu nauyin da aka sani. A gidan riɗi wannan ba abin nema ba ne. Aka fara jido buhuna daga sito, kuma wallahi har da Yaya a masu ɗauka, mutumin da rabonsa da saɓa buhu tun ina budurwa. Ana jerawa Jethro yana lissafi, tun ba a kai ko'ina ba abin ya fashe da kuka. Jethro ya shiga ramin ƙasa da tocila da sifana, ya daɗe yana tsaki. Ya fito ya ce tun ranar da aka kafa shi aka ɗaure sikelin a karkace, shi ya sa yake ƙara wa mutane nauyin da ba nasu ba. Ya daidaita shi, aka sake loda buhunan, aka ƙara, aka ƙara, shiru. Sai da aka kai iyakar da aka rubuta sannan ya yi kuka.

Yaya ya tambaye shi sau uku ko ya tabbata. Jethro ya ce, "Baba, yanzu zai ɗauki mutum takwas, ko duk irinka ne."

Ranar a gidana Yaya ya ci abincin rana, tuwon dawa malmala biyu da man shanu, ya ce a ƙaro miya. Yana ci yana ba ni labarin yadda suka taɓa kwana a kan buhuna shi da Alhaji a tashar Maigatari, bargo ɗaya. Ya ce maƙiya sun so su raba su da ƙarfe, Allah bai yarda ba. Na ji tausayinsa har na rasa abin tsokana, na dai ce ya ci a hankali. Daga nan ya bi shago-shago yana sanar da mutane cewa dama injin ne yake ƙarya, gobe kowa ya zo ya gani.

Suka kuwa zo. Ban taɓa ganin 'yan kallo a bakin lif kamar na wannan safiya ba, har mai shayi ya bar teburinsa. Yaya ya iso cikin babbar rigarsa mai aiki, ta sha guga tana ƙamshin turare, aljihu cike da makullai. Motar Alhaji ta tsaya, aka yi gaisuwa, aka nufi lif. Alhaji ya shiga, Yazid ya shiga, sauran suka bi. Yaya ya yi bismilla ya sa ƙafar dama, ya tsaya a daman Alhaji, ya juyo yana kallonmu.

Shiru. Ko ƙis lif bai yi ba. Na ga haƙoran Yaya gaba ɗaya. Ƙofa ta fara rufewa a hankali, ni ma na saki numfashi.

Sai Alhaji ya miƙa hannu ya tare ta. Ƙofar ta koma ta buɗe. Ya ɗan gyara hula, bai kalli kowa ba.

"Ɗalhatu, ka bi ta matakala mana. Akwai maganar da za mu yi da su Yazid."

"Alhaji, ai an gyara shi," in ji Yaya. "Ka ji bai yi kuka ba."

"Na ji. Ni dama ban ga abin da ya lalace ba."

Yazid ya sunkuyar da kai yana latsa waya, wadda ko a kunne ba take ba. Yaya ya nemi dariyar nan tasa ta kullum, ba ta zo ba. Ya tattare rigarsa ya fito, ƙofar ta rufe sumul, ba ƙara ba tangarɗa, don Jethro ya iya aikinsa. 'Yan kallo suka watse da sauri, kowa ya tuna yana da abin yi.

Na tsani Alhaji Ubale a wannan lokacin, kuma har yau ban huce ba. Wata da watanni yana barin ƙarfe ya faɗi abin da bakinsa ya kasa, yana kallon abokinsa yana kashe kansa da yunwa. Na jawo kujera na ce Yaya ya zo ya zauna, in aika a kawo masa ruwa mai sanyi, ya bar mutanen nan haka. Ya tsaya yana kallon lambobin da suke canzawa a saman ƙofar har suka tsaya.

"Bari dai in hau, Tayyiba," ya ce. "Kar ya neme ni ba na nan."

Ya kama ƙarfen matakalar ya fara hawa.