Jakar da Ta Ƙi Tsukewa

Yayana ya rasu ya bar mana abinci. Wasu fili suke bari, shi kuwa ɗaki guda ya bari cike da jakunkunan nan masu ƙyallin azurfa, waɗanda ko haske ba ya ratsa su. Direban babbar mota ne, kuma tun shekarar da hanya ta toshe kasuwa ta ƙafe, muka riƙa wuni muna kallon tukunya, ya ɗauki ajiyar abinci kamar ibada. Sai ya zuba shinkafa ko wake a jaka, ya jefa ɗan ƙullin maganin da ke shanye iska, ya liƙe bakin da dutsen gugata. Ni tela ce, da dutsen nan nake cin abinci, sau nawa na yi masa masifa? Dariya kawai yake yi, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin washegari jakar ta tsuke ta yi tauri kamar bulo, har shatin ƙwayar wake kake gani ta waje.

Bayan rasuwarsa na shiga share ɗakin, na tarar da guda ɗaya a ƙasan bokiti wadda ta saɓa da sauran. Maimakon ta tsuke, kumbura ta yi, sumul kamar matashin kai. Inna, mahaifiyarmu, tana ganinta ta gane ta. Ta ce tata ce, a gabanta ya liƙe ta. Nama ne, amma da yake ba ta da haƙora ya ƙi busar da shi ƙayau, ya bar shi da laushi don ta iya mamula.

Na je wurin mai sayar da jakunkunan na kwatanta masa. Tun ban rufe baki ba ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce duk abin da ke da danshi ba a rufe shi babu iska, guba ce ke girma a ciki, wadda wani lokaci ko wari ba ta yi. Ya ce ko kare kada in ba.

Na dawo na tarar Inna ta kai ta ɗakinta, ta ajiye a gefen matashinta. Na faɗa mata abin da aka ce, ta dube ni kamar na zagi gawa. Wai Yaya da ƙirjinsa ya danne jakar yana korar iska, don haka abin da ke ɗaga ta numfashinsa ne. Na ce numfashin wa, Inna, ruɓa ce. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Abin haushin shi ne jakar tana motsi. Da rana ta take, in kwanon rufi ya ɗauki zafi, sai ka ji ta ƙas, ƙas, a hankali, kamar mai gyara kwanciya. Inna takan kanga kunne a jikinta ta yi shiru, wani lokaci har ta amsa. Na san zafi ne ke buɗa ta. Sanin bai hana tsigar jikina tashi ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai, na jakar da na ranar da Inna za ta nemi almakashi.

Rannan tana wanka na sace ta, na kai juji can ƙarshen layi na tura ƙarƙashin shara. Na dawo daga shago da yamma, ga ta nan a gefen matashi, an goge ta tas. Inna ko tsakar gida ba ta ƙetarewa sai da sanda. Na tambayi mijina, ya rantse ba shi ba ne, ya ƙara da cewa in bar tsohuwa da abinta, ai ba ci za ta yi ba, kallo take. Shi dai komai a wurinsa mai sauƙi ne.

Wata rana na dawo cin abincin rana na ji gidan tsit. Na ɗaga labulen Inna, tana zaune a bakin gado, fatar idonta ta sauko kamar mai gyangyaɗi. Jakar tana kan cinyarta a shafe, an yanke bakin. Ta ce tun jiya ta ci, ba wari ba komai, da daɗinsa. Muryarta ta yi nauyi, kalmomin suna manne wa juna. Sannan ta ɗaga haɓa da ƙyar ta dubi gefen kafaɗata, ta yi murmushin da rabona da ganinsa tun Yaya yana da rai.

"Ku biyu kuka zo," in ji ta. "Ka rame, ɗan nan."

Wallahi sai da na waiga. Labule ne kawai yake kaɗawa.

Na goya ta zuwa bakin titi, mai tasi ya kai mu asibiti, duk hanya tana hira da gefen kafaɗata. Likita ya ce haka gubar take, ido take fara kamawa mutum ya riƙa ganin abu ɗaya biyu, sai maƙogwaro, sai numfashi. Ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Makonni inji yana yi mata numfashi, ni kuma ina kan kujerar roba, shago a kulle.

Ta tashi. Ranar da aka cire mata bututun injin idonta ya buɗe sosai, na durƙusa a gabanta ina kukan murna. Ta dubi damata, ta dubi haguna, ta daɗe tana nema.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Inna."

"Wa ya ce ki kawo ni?"

Ta juya fuskarta bango. Na zauna riƙe da kofin ruwan da na ɗebo mata, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta karɓa daga hannuna.