Tabon da ke Bayan Baba

Su uku ne a gidan da ke bayan ɗakin shan magani na Yankara: Malam Ɗanasabe, da mahaifiyarsa Tabita, da 'yarsa Alheri mai shekara tara, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. A shekarun nan da kuɗin mai ya shigo ƙasa har babur Malam ya saya, ya jingine tsohon kekensa a zaure. Abin da suka rasa shi ne masu shigowa gidansu. Malam Ɗanasabe malamin kutare ne, shekara goma sha ɗaya yana zagaya ƙauyuka yana raba ƙwayoyi a gindin bishiya, yana wanke gyambo. Mutane suna gaishe shi da girmamawa, amma daga nesa. Ko a coci, bencinsu ba ya cika.

Alheri ba ta damu ba, don tana da babanta. Kwano ɗaya suke ci, kuma ta san aikinsa kamar karatun allo. In sabon mutum ya zo da tabo a jiki, Malam yakan sa shi ya rufe ido, sannan ya ɗauki ɗan silin auduga ya taɓa shi nan da can, shi kuma ya nuna da yatsa inda ya ji. Tabon da ya ji auduga ƙyasfi ne ko wani abu mai sauƙi. Tabon da bai ji ba, shi ne abin.

Wata rana da bazara aka kira duk ma'aikatan kuturta na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, suka taru a Ƙanƙara. Wasu likitoci masu bincike ne suka zo, suka ɗebi jinin kowa a 'yar kwalba, wai suna so su ga ko ƙwayar cutar ta taɓa shiga jikin masu aikin. Suka ce takarda za ta zo cikin wata guda.

Malam ya dawo da filasta a gwiwar hannu. Da aka kawo tuwo, sai ya ce a raba musu kwano.

"Kwanon mi kuma?" in ji Tabita. "Ɗiyar taka ce ta yi ƙazanta yau?"

"A raba dai, Inna. Sai takarda ta zo."

"Ni dai tun da nike ban ga an ɗebi jinin mai lafiya ba," in ji tsohuwa. "In da wani abu, ka faɗa mani."

"Babu komi. Amma in aka samu, Alheri za ta tafi Sabuwa wurin gwaggonta Hajaratu. Na riga na yanke."

Alheri ta ajiye lomar da ke hannunta. Sau ɗaya ta taɓa zuwa Sabuwa, kuma har ta dawo 'ya'yan gwaggo ba su daina kiranta ɗiyar kutare ba.

Wata ya wuce, takarda shiru. Malam mai duba mutane ya koma duba kansa. Kullum da safe sai ya zauna a hasken rana ya bi hannuwansa da ƙafafunsa da kallo. Bayansa ne ya gagare shi. Idon Tabita ya yi yana, abokan aiki kuwa in ya tuɓe riga a gabansu, kafin ranar kasuwa zancen ya kai har garin Mairuwa. Sai ya kira Alheri bayan ɗaki, ya ba ta auduga, ya rufe ido.

"Taɓa a hankali, kamar ƙuda ya sauka. Ni zan nuna."

Ta taɓa, ya nuna. Ta taɓa, ya nuna. Suka mayar da abin na kowace Asabar, har ya zame mata wasa, tana yi masa wayo ta daɗe ba ta taɓa ba ta ga ko zai ruɗe.

A Asabar ta biyar ta ga wani wuri a ƙarƙashin allon kafaɗarsa na hagu, faɗinsa bai wuce bakin kofi ba, launinsa ya ɗan fi sauran fata haske. Ta ɗora auduga a kai. Hannun Malam yana kan gwiwarsa, bai motsa ba. Ta ɗaga, ta sake ɗorawa, ta ɗan ja.

"Kin yi barci ne, likita?" in ji shi, idonsa a rufe. "Ci gaba mana."

Ta yi maza ta taɓa kafaɗar dama. Ya nuna, ya yi dariya, ya mayar da rigarsa.

"Lafiya lau ko?"

"Lafiya lau, Baba."

Tun daga ranar gidan ya yi mata ƙunci. In ta zauna kusa da shi, idonta na kan bayan rigarsa. In ta fita, babu inda za ta kai maganar. Ta gaya wa kanta ƙyasfi ne. Ta gaya wa kanta takarda za ta zo ta faɗa, ita babu ruwanta. Kowace Asabar takan bi gefen wurin da auduga ta zagaye shi, yadda mai tafiya ke kauce wa rijiya, shi kuwa yana nan, kamar ma ya ɗan ƙara faɗi. Tabita ta lura yarinya ba ta cin abinci, ta jiƙa mata sabara, ta ce shawara ce.

Sai da gero ya fara fitar da kai takarda ta iso. Malam ya karanta ta a tsaye a tsakar gida, ya sake karantawa, sannan ya fassara wa Tabita. An ce jininsa ya nuna jikinsa ya taɓa gamuwa da ƙwayar cutar, kamar na mafi yawan abokan aikinsa, amma wannan ba ya nufin mutum ya kamu. Galibi jiki ne ke cin ƙarfinta. Wanda ba shi da tabo marar ji, kada ya damu.

"To ni ina na ga tabo?" Ya ɗaga Alheri sama kamar 'yar yaye. "Likitata ta duba ni sau nawa? Inna, a mayar da kwano ɗaya!"

Ranar suka ci tare. Alheri tana kai loma tana kallon yatsun babanta a cikin miya. Takardar da ta dogara da ita ta zo, ta kuma mayar mata da maganar hannunta.

Ran Laraba masu karɓar ƙwaya suka taru a gindin ɗorawa kusa da ɗakin magani. Alheri ta kai musu ruwa kamar kullum. A cikinsu akwai Baba Gide, tsohon maɗinkin hula, mai yawan barkwanci, wanda yatsa biyu da rabi suka rage masa a hannun dama. Ya tallafi moɗa da tafukansa biyu.

"Ƙaramar likita, yau babu dariya? Ko an hana ki aurena ne?"

Ta tsuguna kusa da shi. "Baba Gide, kai da mi naka ya fara?"

"Da ɗan tabo a cinya, bai kai kwabo ba. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Na ce wa zai gani? Na saka wando na rufe abuna shekara bakwai." Ya juya hannunsa yana dubawa. "Ran da allura ta shige yatsana ina ɗinki, sai jini na gani a hula, ban ji komi ba. Babanki ya ce da na zo tun yana tabo, da har yau ina ɗinki. Kin ga da na yi maki hular ango."

Alheri ta koma gida da moɗa, ta zauna a zaure kusa da tsohon keke har la'asar.

Ran Asabar Malam yana goge babur, ba shi da niyyar wata auduga. Ita ce ta ɗauko, ta tsaya a gabansa.

"Ai an gama wanga aiki, ɗiyata."

"Sau ɗaya dai, Baba."

Ya yi murmushi, ya tuɓe riga, ya rufe ido. Ta ɗora auduga a tsakiyar wurin, ta bar ta a nan.

"To, fara mana."

"Na fara, Baba. Tana kai yanzu. Tun kafin ruwa ya sauka na gani."

Malam bai juyo ba. Ya kai hannu baya, ta kama yatsansa ta ɗora a wurin, ya shafa, ya shafa kewayensa. Ya daɗe a haka.

"Guda ɗaya ne?"

"Guda ɗaya."

"Saboda Sabuwa kika yi shiru?"

Ta gyaɗa kai, ko da yake ba ya ganinta. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin ƙwayoyin da yake raba wa mutane, ya haɗiyi ɗaya da ruwan randa. Sannan ya tsuguna daidai tsawonta.

"Guda ɗaya, kuma da wuri. Hannuwana za su tsira, in Allah ya yarda. Amma za ki tafi wurin gwaggonki har babban likita ya duba ni ya ce babu komi a kanki. Ni zan zo in ɗauko ki da kaina."

Ran kasuwar Yankara Tabita ta raka ta mota da ƙunshin kayanta. Malam ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga mata hannu, ita kuma tana kallon hannun ta bayan mota har kwana ta ɓoye shi. Alheri ta gane cewa da ta ci gaba da yin shiru da ta zauna a gida, amma da babanta ya rasa yatsunsa.