Kado Mai Ido Guda

Waƙar ta girmi duk waɗanda suka yi rigima a kanta. Modibbo Bube na Fakku ne ya yi ta tun Turawa ba su san hanyar ƙasarmu ba. Kakanmu ya kwafo ta da ajami lokacin da ya yi karatu a gabansa, babanmu ya gada, mu kuma muka tashi da ita a kunne. Ni Hinde a bakin murhu na haddace ta. Ƙanena Abdulhamidu shi aka zaunar a zaure aka buɗe wa cikinta baiti baiti, har ya zama ba abin da yake so a duniya kamar a tambaye shi abin da take nufi.

Labarin kado ne, wanda mutanen gabas ke ce wa kada. Yana kwance a mashaya, wani makiyayi kuma yana kawo shanunsa kowace shekara, kowace shekara ya rasa maraƙi, amma bai taɓa sauya mashaya ba. Baitin da ya jawo mana masifa shi ne:

Kado shina kwance bakin mashaya,
Ido guda gare shi, shi ma na duniya.

Shekarar da ta biyo bayan mulkin kai Abdulhamidu yana koyarwa a elemantare a nan Tambuwal. Kansa ya ɗau zafi da zancen 'yanci. Ya ce tunda Bature ya tafi, ai lokaci ya yi da yaranmu za su karanta abin da kakanninsu suka rubuta. Ya mayar da waƙar zuwa rubutun boko da hannunsa, ya kai ta aji. Ni kuwa ina tuyar ƙosai a gindin bishiyar da ke jikin tagar ajin, tagar ba ta da murfi, saboda haka karatun nan da ni aka yi shi.

Ban taɓa ganin ƙanena da kyau irin na kwanakin nan ba. Ya ce wa yara kadon nan misali ne, son zuciya ne. Mashaya ita ce buƙatar da ba wanda ya isa ya guje mata. Ido guda kuwa, don yau kaɗai yake gani, ba ya ganin gobe. Sai ya jefa musu tambaya: tsakanin kado da makiyayi wa ya fi laifi? Aji ya kaure. Wasu suka ce kado, tunda shi ya ci. Wata yarinya ta ce makiyayi, don ya sani kuma ya koma. Abdulhamidu ya yi ta dariya yana buga allo da alli, ya ƙi raba musu gardama. Ƙosaina ya ƙone rannan, ban kuma ji haushi ba.

Abin da shi da iliminsa bai tuna ba, Alhaji Maccido ido guda gare shi.

Alhaji Maccido shi ke sayen auduga da gyaɗar ƙasar nan har Kebbe, shi ne kuma shugaban jam'iyya a gari. Agana ce ta cinye masa ido tun yana goye, wannan ba laifinsa ba ne, ban kuma taɓa yi masa dariya a kai ba. Laifinsa yana kan sikeli, kowa ya sani, kowa kuma yana komawa kowace kaka don ba wani mai saye. To yara ba wawaye ba ne. Ranar kasuwa Alhaji ya fito daga motarsa, sai ga baitin nan ya tashi daga bayan rumfunan masu gishiri, murya ta fi goma. Manya suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna rawa.

Ba a yi mako ba aka turo mai duba makarantu daga Sakkwato, wani Malam Ladan, dogo, mai sanyin magana. Aka kori yara waje, aka shigo wa Alhaji da kujera. Ni dai ina wurina, na rage wuta don in ji da kyau.

Malam Ladan ya ce, "Malam Abdulhamidu, an kawo ƙara ka koya ma yara habaici."

"Ranka shi daɗe, ba habaici na ba, misali na. Wanda yay yi waƙag ga ya rasu tun ba a haifi Alhaji ba."

Alhaji ya ce, "To misalin mi?"

Ai kuwa sai ƙanena ya gyara tsayuwa. An sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Wawa, ya aza aji ne.

"Misalin son zuciya, Alhaji. Wanda ka zama inda mutane ba su da makawa sai sun zo, shi ci nasu."

"Wato ni aka zo ma ba makawa, ni kuma ka cin na mutane."

"Ban ce ba. Kadon ga cikin kowa shike, har ni."

"Kai ido nawa gare ka?"

Abdulhamidu ya ce ido gudan ma misali ne, na wanda ba ya tuna lahira. Alhaji ya juya wurin Malam Ladan ya ce a shaida, da farko ɓarawo, yanzu kuma an fitar da shi daga Musulunci. Duk ƙofar da ƙanena ya buɗe, sai ya tarar da Alhaji zaune a ciki. Ya koma kan makiyayi, ya ce ai waƙar ta fi zargin wanda ya sani ya koma. Alhaji ya ce madalla, wato yana zuga manoma su daina kawo masa auduga. Wannan kuwa siyasa ce, kuma kowa ya san abin da ake yi wa malamin makaranta da aka kama da siyasar da ba ta masu gari ba: a karɓe allin, wani lokaci har da ɗauri.

Abin da ya fi ƙona mini rai Malam Ladan ne. Mutumin nan ya fahimci waƙar sarai. Na ga leɓensa yana bin baitocin sa'ad da ake karantawa, har ya lumshe ido a wurin da makiyayi ke kirga shanunsa. Amma da Alhaji ya fita shan iska, sai ya matso ya rage murya.

"Malam, waƙa ta mai kyau. Amma ka ga, in tana nuhin wani abu, to shi taka nuhi. Hanya guda ta rage. Gobe ka tara yara gaban Alhaji ka ce musu ba ta nuhin komi. Labarin dabba na, na hira. In ka yi haka ni rubuta an yi kuskure an gyara."

"In ce Modibbo Bube ya zauna ya yi tatsuniya?"

"Kana da tsohuwa gida, an ce."

Yana da ita kuwa. Innarmu Atu ta shekara tana kwance, rabin jikinta ba ya motsi. Ga matarsa da goyo, ga ni da na dawo gida da marayu. Duk a kan allin nan muke ci. Da yamma ya zo ya tsaya kaina ina wanke kasko, ya ce, "Yaya, mi kika gani?" Na ce ban ga komai ba. Ina so ya ƙi, ina kuma so mu ci tuwo, ba ni da bakin zaɓa masa.

Da safe aka jera yara a fili. Alhaji ya zauna a inuwa da mutanensa, Malam Ladan yana gefe yana kallon takalminsa. Abdulhamidu ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a. Muryarsa ba ta yi rawa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi.

"Abin da nac ce muku kwanaki kuskure na. Kado kado na, dabba ta ruwa. Mashaya wurin shan ruwa ta. Ido guda, halan wani masunci yas soke mai ɗayan. Waƙag ga ba ta nuhin komi. Ku ce."

Yara suka ce, "Ba ta nuhin komi."

"Ku ƙara."

Suka ƙara, da ƙarfi, da irin waƙe-waƙen da suke haddace lissafi da su. Yarinyar nan da ta ce makiyayi ne mai laifi ba ta buɗe baki ba, kallonsa kawai take yi. Ya kau da kai.

Da aka watse Alhaji ya kira shi har gindin bishiyata, ya sayi ƙosai, ya miƙa masa ɗaya. Ko a jikinsa wai ina ji.

"Malam, kar ka riƙe ni a rai. Na san waƙag ga tun kan a haife ka, tsohuwata tana rera ta in tana kaɗi. Na san ba da ni aka ba. Amma an yi dariya cikin kasuwa, dole a ga wani ya duƙa."

Ƙanena ya karɓi ƙosan nan ya ce ya gode. Ni na soya shi, na kuma so a ce guba na zuba a na Alhaji.

Aiki bai tafi ba. Aka rubuta an gyara, Malam Ladan ya hau motar Sakkwato, muka ci gaba da cin tuwo. Waƙar ma ba a hana ta ba, abin haushin ke nan. Ta zauna a aji, yara suna rera ta da daɗin murya, a tambaye su mene ne kado su ce dabba ce ta ruwa, Abdulhamidu ya ce daidai. Ya daina buga allo. Ya daina gardama ko a zaure. Mutane suka ce malam ya yi hankali.

Inna ba ta san an yi ba, mun ɓoye mata. Bayan kaka jikinta ya ƙara tsanani. Wata safiya na fito da ita rana a tsakar gida ina shafa mata man shanu a ƙafa, Abdulhamidu ya shigo gaisuwa zai wuce makaranta. Ta riƙe bakin rigarsa da hannunta mai lafiya.

"Audu, zamna. Waƙam Modibbo ta tsaya min a rai tun jiya. Karanta min."

Ya tsuguna ya karanta mata tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Hawaye yana bin gefen idonta yana shiga kunne.

"To buɗe min ita yadda babanka ka yi. Ni tsufa ya ɗauke min. Kadon nan, mi na ma?"

Daga ni sai ita sai shi a gidan, matarsa ta tafi rijiya, yara sun fita. Katanga ce ta ubanmu, ƙofa ce ta ubanmu. Amma sai da ƙanena ya waiga ya dubi ƙofar zaure, ya dubi bisa katanga, sannan ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Kado na, Inna," ya ce. "Dabba ta ruwa."

Inna ta saki rigarsa.