Zakkar Malam Kailani

Malam Kailani yana da wata al'ada da duk ɗalibin injiniyan da ya bi ta ajinsa ya san ta. Abin da yake koyarwa shi ne yadda ake haɗa ƙananan na'urori su riƙa magana da juna ta iska, wannan ta miƙa wa waccan saƙo har ya isa inda aka aike shi. Amma ba ya ba da maki a kan zane. Sai an kafa na'urorin a cikin unguwa, ranar gwaji ya zo da kansa, ya zaɓi guda ya zare mata batir ya jefa a aljihu. In saƙo ya nemi wata hanya ya isa, an ci. In ya maƙale, rukunin gaba ɗaya ya faɗi. Ɗalibai suka sa wa abin suna zakkar Malam.

Rukunin Sharfaddeen su uku ne: shi, da Chike, da Sumaiya, wadda tun shekarar farko yake ɗauke da ita a zuci kamar garwashi a tafin hannu. Aikinsu a Tudun Wada yake. Sun maƙala na'ura a jikin tankin ruwan gidajen layin su Sumaiya, ta yadda in tanki ya cika za ta aika saƙo ɗakin famfon burtsatse a kashe inji. Sumaiya ta zana taswira, Chike ya harhaɗa kayan, Sharfaddeen ya rubuta umarnin da na'urorin za su bi. Don wasa, kowa ya sa wa ta gidansu sunansa.

"In mun ci gwajin nan," in ji Sumaiya wata rana suna sauka daga mota, idonta a ƙasa, "zan nuna ka ga Baba. Ba a matsayin ɗan ajinmu ba."

Sharfaddeen ya kasa cin abinci ranar don murna. Sai dai murnar ba ta daɗe ita kaɗai ba.

Chike ɗan unguwar ne, a nan aka haife shi, benen babansa mai sayar da kayan gini yana kallon gidan su Sumaiya. Duk ranar aiki Sharfaddeen a zaure yake tsayawa kamar kowane baƙo, shi kuwa Chike sai ya yi sallama ya kutsa ciki, can ka ji Inna, mahaifiyar Sumaiya, tana cewa, "Chike, ka ci tuwo kuwa?" Ya fito yana suɗe yatsa, yana kiran Sumaiya "Injiniya ƙanwata". Ita kuma ta yi dariyar nan da Sharfaddeen ya ɗauka tasa ce shi kaɗai.

Har na'urorin ma ba su bar shi ya huta ba. An tsara su ne kowace ta bi hanyar da ta fi ƙarfi, benen kuwa ya fi kowane rufi tsawo. Duk sanda ya buɗe kwamfuta sai ya ga koren layi ya tashi daga Sumaiya ya sauka a kan Chike. Safe, rana, yamma. Ta gidan Sharfaddeen kuwa tana can gefen unguwa, ba mai bi ta kanta. Ya san ƙarfe ne da roba, ya faɗa wa kansa haka ya fi a ƙirga, amma da ya ga layin sai ya rufe kwamfutar.

Saura kwanaki kaɗan gwaji ya ƙara 'yan layuka a cikin umarnin: na'urorin layin su Sumaiya kada su saurari ta benen, su bi ta gidansa. Ya ma yi wa kansa lissafi mai daɗi. Ai Malam ta benen zai cire, ita ce ta fi ɗaukar ido. Saƙo zai wuce lafiya, kowa ya ga ba a buƙatar Chike.

Ranar gwaji Malam Kailani ya zauna a kan benci a zauren su Sumaiya, ya saukar da tabarau kan hanci, ya daɗe yana duban kwamfuta. Benen ko kallo bai ishe shi ba.

"Wannan ta gidan wa ce, da batirinta ya kusa ƙarewa?"

"Tawa ce, Malam."

"To ita ke ɗauke da kayan unguwar ke nan. Mai dukiya ake karɓar zakka a wurinsa. Mu je."

Suka je, suka dawo, batirin yana aljihun Malam. Aka kunna inji. Lambar tankin su Sumaiya ta tsaya cik a kan allo. Chike ya leƙa ya ce, "Malam, a ɗan ba ta lokaci, yanzu za ta juyo ta wajena."

Ba ta juyo ba. Abin da ya zo shi ne ƙarar ruwa yana zuba daga sama, sai muryar Inna daga cikin gida: "Wayyo kuɓewata! Sumaiya, shanyar da na yi! Wannan wane irin karatu ne?"

Chike ya ruga kashe inji da hannu. Sumaiya ta jawo kwamfutar gabanta. Ita ta zana taswirar, ta san babu yadda za a yi hanya ta zama ɗaya. Ta gangara cikin umarnin a hankali, har yatsanta ya tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa. Da ta ɗago, ba fushi ya gani a idonta ba, da ma shi ne da ya fi sauƙi.

"Wa ya toshe hanyar benen?" in ji Malam.

Malam ya dubi Sharfaddeen, ya dubi Sumaiya, ya dubi ƙofar da Chike ya fita, ya gyara tabarau.

"Na yi shekaru ina koyar da abin nan, ban taɓa ganin na'ura mai kishi ba. Kafin a kira la'asar, in saƙo ya isa, ku sami rabin maki. Batiri kam ya tafi."

Sumaiya ta tura masa kwamfutar. "Kai ka rufe, kai za ka buɗe."

"Sumaiya, wallahi ni dai..."

"Makina ne, Sharfaddeen. Da na Chike, wanda bai san komai ba. Buɗe."

Ya goge layukan. Ba a jima ba koren layi ya tashi daga Sumaiya ya sauka a kan Chike, ya wuce ɗakin famfo. Chike ya dawo wando a jiƙe, ya ga allo ya daki kafaɗarsa. "Mutumina! Ka ceto mu. Me ya same ta ne?"

"Kuskure ne," in ji Sumaiya, tana naɗe taswira.

A nan ne Alhaji Salmanu, mahaifinta, ya shigo zauren zai yi alwala. Ya gaisa da Malam hannu biyu, ya tsokani Chike da cewa shi zai biya Inna kuɓewarta. Sannan ya juyo ga saurayin da ya durƙusa har ƙasa, sanye da sabuwar shaddar da ya ɗinka saboda wannan rana.

"Wannan fa? Ban gane shi ba."

Sharfaddeen ya ɗago ido ya dube ta.

"Ɗan ajinmu ne, Baba," in ji Sumaiya. Ta ɗauki kwamfutar ta shige cikin gida.